RABON ALLURAR RIGAKAFIN KORONA: ME YA SA JAMA'A SUKA CE A YI MUSU BAYANI?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san abin da yakan faru a ɗakin cin abinci ranar da tuwo ya kasa. Idan shugaban ɗakin ya miƙe ya ce, "Yau abinci bai kai ba. 'Yan aji ɗaya za su fara, sauran ku jira tukunya ta biyu nan da rabin sa'a," za a yi ɗan gunaguni, amma kowa zai koma ya zauna. Idan kuwa ya yi shiru, sa'an nan aka hangi kwanuka suna fita ta ƙofar baya, to, ranar sai malamin da ke kan aiki ya zo da kansa kafin ƙura ta lafa. Tuwon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Abin da ya raba ranakun nan biyu shi ne bayani.

Mun kawo wannan misali ne domin mu shiga wani zance da ya fi tuwo nauyi nesa ba kusa ba, watau yadda aka raba allurar rigakafin cutar korona a Nijeriya a shekarar 2021, da dalilin da ya sa tun kafin allurar ta iso mutane suka matsa wa gwamnati ta fito fili ta faɗi shirinta. Waɗansu sun ɗauki wannan matsi taurin kai ne kawai irin na 'yan ƙasa. Mu dai a ganinmu tambayoyin da aka yi suna kan hanya, kuma amsa su wani sashe ne na aikin rigakafin kansa. Ga dalilanmu.

Yadda abin ya faro

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, wani Ba'italiye da ya sauka a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, an kuma sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Kano ta bi baya a watan Afrilu. Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, kwamitin kuwa yakan zauna gaban 'yan jarida yana ba da labarin inda aka kwana.

A ranar 8 ga Disamba, 2020, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Margaret Keenan, allurar kamfanin Pfizer a garin Kobentiri na ƙasar Ingila. Duniya duka ta ga hoton. Daga ranar nan tambayar mutane ta sake. Dā ana cewa, "Shin za a sami allura kuwa?" Yanzu sai aka koma cewa, "Yaushe za ta zo mana, wa kuma zai fara samu?"

Amsar ba ta da daɗin ji. Ƙasashe masu arziki sun riga sun biya kuɗin yawancin abin da kamfanoni za su iya sarrafawa tun allurar tana ɗakin gwaji. Kanada ma ta yi odar abin da zai ishi mutanenta ninki da yawa. A ranar 18 ga Janairu, 2021, shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya, Dokta Tedros Ghebreyesus, ya bayyana cewa an riga an yi allura fiye da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, alhali a wata ƙasa matalauciya guda 25 kacal aka yi. Ƙasashe irin tamu sun dogara ne ga wani shiri mai suna COVAX, wanda Hukumar Lafiya Ta Duniya da ƙungiyoyin Gavi da CEPI suka kafa, UNICEF kuma take yi masa jigila. Burin shirin shi ne ƙasashe 92 marasa ƙarfi su sami allurar da za ta ishi kashi 20 cikin 100 na mutanensu.

Tambayoyin da aka yi

'Yan jarida da likitoci da 'yan majalisa da ƙungiyoyin da ke bin sawun kuɗin gwamnati, har da talakawa masu buga waya gidajen rediyo, kowa da irin bakinsa, amma in an tattara maganganunsu ba su wuce tambayoyi biyar ba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko: allura nawa za ta zo, kuma yaushe? A watan Janairu na 2021 an gaya wa 'yan ƙasa cewa ana sa ran allurar Pfizer guda 100,000 kafin watan ya ƙare. Wata ya ƙare ba a ga kome ba. Aka ce sai Fabrairu. Daga baya aka ce an sake shawara, allurar AstraZeneca ce za ta zo, guda miliyan 16, kashi kashi. Sai ranar 2 ga Maris jirgi ya sauka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da allura miliyan 3.92, wadda kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya sarrafa. Gana ta riga mu da 'yan kwanaki, gama ita ce ƙasa ta farko da COVAX ya kai wa kaya, guda 600,000, a ranar 24 ga Fabrairu.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. Allurar AstraZeneca sau biyu ake yi wa mutum. Ke nan miliyan 3.92 ba za ta kai wa mutum miliyan 2 ba. 'Yan Nijeriya kuwa sun haura miliyan 200. Watau cikin kowane mutum 100, ɗaya ne kawai zai samu. In makaranta tana da ɗalibai 600, shida ne za a kira. Ashe sauran 594 ba su yi laifi ba in sun tambayi yadda aka zaɓi shidan.

Wannan ya kai mu ga tambaya ta biyu: wa zai fara? Wannan ita ce mafi zafi, domin a nan ne son kai yakan shigo. Cutar korona ba ta kashe mutane daidai wa daida. Ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya, ta kuma fi samun ma'aikatan asibiti saboda kullum suna tare da marasa lafiya. Saboda haka allura ɗaya a hannun dattijo mai shekara 70 ta fi ceton rai bisa allura ɗaya a hannun saurayi ɗan 20. A Ingila, kwamitin masana ya buga jerin rukuni tara tun watan Disamba na 2020. Mazauna gidajen kula da tsofaffi ne a sama, sai masu shekara 80 da ma'aikatan lafiya, ana saukowa har zuwa masu shekara 50. Kowa yana iya duba jerin ya san inda yake, ya kuma san in an tsallake shi.

A Nijeriya, Hukumar Kula Da Lafiya A Matakin Farko, wadda Dokta Faisal Shuaib yake shugabanta a lokacin, ta raba aikin mataki huɗu. Na farko ma'aikatan lafiya da sauran masu aikin da ke haɗa su da jama'a, irin su jami'an tsaro, tare da manyan shugabanni. Bayansu sai masu shekara 50 zuwa sama. Haka nan 'yan 18 zuwa 49 masu wata cuta a jiki. Na huɗu sauran manya. A ranar 5 ga Maris aka fara da wani likita, Dokta Cyprian Ngong, a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Washegari aka yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa, Yemi Osinbajo, a gaban kyamara.

Sa shugabanni a sahun farko yana da fuska biyu. A gefe ɗaya, mutumin da yake tsoron allurar in ya ga an tsira wa shugaban ƙasa da gwamna da sarki, hankalinsa zai kwanta, gama gani ya kori ji. A ɗaya gefen kuma, in ba a faɗi ko su wane ne "shugabanni" ba, da iyakar yawansu, sai kalmar ta zama ƙofar baya da iyalai da abokai da direbobi za su bi. Shi ya sa mutane suka nace a fayyace.

Tambaya ta uku: ta wace hanya allurar za ta isa ƙauye? Mutane da yawa suna tsammani da zarar jirgi ya sauka an gama. A gaskiya a nan ne aikin yake farawa. Allurar rigakafi ba kamar ƙwayar ciwon kai ba ce da za a jefa a aljihu. Dole ta zauna cikin sanyi tun daga masana'anta har zuwa damtsen mutum. Ta AstraZeneca tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, irin na firjin gida. Ta Pfizer kuwa a farkon fitowarta sai an ajiye ta a wajen digiri 70 ƙasa da sifiri, sanyin da sai firji na musamman yake bayarwa. Daga babban ɗakin sanyi na Abuja sai a kai ta na jiha, daga nan zuwa na ƙaramar hukuma, sa'an nan zuwa ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, inda galibi firji mai aiki da hasken rana ake dogara da shi. Daga can ma'aikaci zai zuba ta a akwatin sanyi ya ɗaura a babur, ko ya sa a kwalekwale. Muna da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. In sanyi ya yanke a wuri ɗaya cikin wannan doguwar tafiya, allurar ta lalace, ko da idon mutum bai ga wani canji a kwalbar ba.

Har wa yau akwai wani ƙaramin abu da ba kowa ya sani ba. Kwalba ɗaya ta AstraZeneca ta mutum goma ce, kuma in an buɗe ta dole a ƙarar da ita cikin sa'a shida. Idan ma'aikaciya ta buɗe kwalba mutum uku kawai suka zo, rabon mutum bakwai ya tafi kwandon shara. Idan ta ce sai mutum goma sun taru, ukun nan za su gaji su tafi gona. Maganin wannan ɗaya ne: a sanar da mutane rana da wuri da sa'a tun da wuri, ta bakin mai unguwa da sanƙira da rediyo, domin su zo tare. Kun ga ke nan sanarwa ma tana ceton allura.

An buɗe shafin rajista a intanet, amma wa zai yi wa tsohuwar da ba ta da waya, ko makiyayin da ke daji? Hukumar ta ce za a haɗa hanyoyi: mai iya yin rajista da kansa ya yi, wanda bai iya ba a taimake shi, a kuma yi wa waɗansu a wurin allurar ko a bi su gida gida. Jihar Kogi ta nuna abin da rashin shiri yake jawowa. Ita ce aka bari a baya lokacin rabon farko, domin ɗakin sanyinta ya lalace a tarzomar watan Oktoba na 2020, ga shi kuma gwamnanta na lokacin ya fito fili yana kushe allurar.

Tambaya ta huɗu: wa zai biya, nawa ne kuma? Allurar COVAX kyauta ce, amma kashi 20 kawai aka yi alkawari. Gwamnati ta ce burinta ta yi wa kashi 40 cikin 100 a 2021, ta ƙara kashi 30 a 2022, jimla kashi 70. Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya gaya wa Majalisar Dattawa cewa aikin zai ci wajen naira biliyan 400. Sai a watan Yuli na 2021 aka sa hannu a kan ƙarin kasafin kuɗin da ya ƙunshi sayen allura. Tambayar farashi ba a Nijeriya kaɗai aka yi ta ba. A Afirka ta Kudu an gano cewa kuɗin da ƙasar ta biya a kan kowace allurar AstraZeneca ya ninka na Tarayyar Turai fiye da sau biyu. Wata ƙungiya ta kai gwamnati ƙara, a shekarar 2023 kuma kotu a Piritoriya ta ba da umurni a fito da takardun cinikin kowa ya gani. Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayani tun 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi irin wannan bayani.

Tambaya ta biyar: in allura ta yanke fa? Wannan ma ta faru. Annobar ta yi tsanani ƙwarai a Indiya wajen watan Afrilu na 2021, sai ƙasar ta tsai da fitar da allura domin ta yi wa mutanenta. Kason da Nijeriya take jira bai zo ba. Hukuma ta umurci jihohi su daina yi wa sababbin mutane da zarar sun ci rabin abin da ke hannunsu, a ajiye sauran domin zagaye na biyu na waɗanda aka riga aka fara wa. Shawara ce mai ma'ana. Amma dattijon da ya biya kuɗin mota ya zo asibiti aka ce masa babu, alhali yana ganin ana yi wa wani, in ba a yi masa bayani ba, me zai je ya faɗa a gida? Allura ta ƙare a watan Yuli. Sai a watan Agusta aka ci gaba, bayan Amurka ta ba da ta Moderna wajen miliyan 4, ta Johnson & Johnson kuma ta fara isowa ta hannun Tarayyar Afirka.

Wanda maciji ya sara

Me ya sa mutanenmu ba su yarda da "ku kwantar da hankalinku" kawai ba? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai abubuwa uku da jama'a ba su manta ba.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu, har Saudiyya ta hana alhazanmu zuwa aikin hajji a shekarar. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ya kamata mu lura cewa Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba. Amma a zuciyar uwar da ta rasa ɗanta wannan bambanci ba ya da wani nauyi.

A shekarar 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an tura wakilai sun ga gwaji da idonsu, an kuma kawo maganin daga Indunusiya. A sanadin haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da dā suka rabu da ita, yara da yawa kuma suka shanye. Abin da ya gyara al'amarin shi ne zama da mutane. Daga 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sauran sarakunan arewa suka shiga aikin, ana bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa da malaman addini. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Na uku kuwa sabo ne fil a lokacin. A watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, mutane suka fasa manyan ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilori da Kalaba da waɗansu garuruwa, suka tarar da buhunan abincin tallafin korona jibge. Gwamnatocin jihohi sun ce ana shirin rabawa ne, ko kuwa an ajiye domin gaba. Ko da hakan gaskiya ne, ba a faɗa wa kowa ba tun farko. Wata biyu bayan haka aka fara zancen allura. Mutumin da ya ga shinkafa a kulle lokacin da yake kwana da yunwa, yaya zai yarda cewa allura za ta iso gare shi ba tare da ya ga an rubuta a fili ba?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk inda hukuma ta yi shiru, masu ƙarya a WhatsApp da Facebook suka cike gurbin: wai allurar tana da maganaɗiso, wai wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu. Shekaru sun wuce, miliyoyin da aka yi wa suna nan suna harkokinsu.

A yi wa gwamnati adalci

Ba daidai ba ne mu ɗora wa hukuma laifin abin da ba ya hannunta. Wanda yake jiran kyauta ba shi ne yake sa rana ba. Jami'anmu ba su da ikon tilasta wa masana'antar Indiya, ko su hana Turai saye. Amma ko a nan akwai darasi. Da a ce "ƙarshen Janairu" sa'an nan a saɓa, gara a ce, "Ga abin da aka yi mana alkawari, ga abin da bai tabbata ba tukuna, ga kuma abin da za mu yi in bai zo ba." Mutane suna iya jure jira. Abin da yake karya musu gwiwa shi ne alkawarin da aka saɓa ba tare da an dawo an ba da dalili ba.

Akwai ranar da hukuma ta yi abin da ya dace ko da yake da ciwo. Waɗansu ƙasashe masu arziki sun riƙa aiko da allurar da saura 'yan makonni wa'adinta ya ƙare. A ranar 22 ga Disamba, 2021, aka kwashi allurar AstraZeneca guda 1,066,214 da ta lalace aka kai juji a Abuja, aka murƙushe ta a gaban 'yan jarida da jami'an NAFDAC. Hukumar ta kuma ce ba za ta ƙara karɓar allura mai gajeren wa'adi ba. Asara ce babba, amma kowa ya ga inda allurar ta tafi, ba wanda zai ce an sayar ko an tsira wa mutane ruɓaɓɓiya. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Burin kashi 40 bai cika ba. A ƙarshen 2021 waɗanda suka kammala allurarsu ba su kai kashi 5 cikin 100 na 'yan ƙasa ba. A 2022 ne, da allura ta wadata aka kuma kai ta kasuwanni da tashoshin mota da wuraren ibada, adadin ya tashi sosai. Abin lura shi ne jihohi irin su Nasarawa da Jigawa ne suka shiga gaba, a yankin da aka yi ta cewa mutanensa ba za su yarda ba.

Darasi daga Ogoja

Da tsohuwar zuma ake magani. A watan Disamba na 1966 cutar agana ta ɓarke a yankin Ogoja, a gabashin Nijeriya. Wani likita Ba'amurke mai aikin mishan, William Foege, ya ga allurar da ke hannunsu ba za ta ishi kowa ba. Sai ya yi magana da sauran 'yan mishan ta rediyon sadarwa, suka aika 'yan saƙo ƙauye ƙauye a gano inda masu cutar suke. Da aka samu labari, aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, da na wuraren da suke zuwa cin kasuwa ko ziyarar dangi. Annobar ta tsaya ba tare da an yi wa kowa da kowa ba. Wannan dabara ce aka bi a sauran duniya har aka ga bayan agana, aka kuma yi shelar haka a 1980. Tambon lamba da muke gani a damtsen kakanninmu shaida ce. Allura kaɗan ta yi babban aiki domin an san inda za a kai ta, mutanen ƙauyukan kuma sun ba da labari sun ba da haɗin kai.

Kammalawa

A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma zancen rabo bai mutu ba. A watan Agusta na 2024 Nijeriya ta karɓi allurar ƙyandar biri guda 10,000 kacal, tambayar nan ta wa zai fara ta sake tasowa. A watan Mayu na 2025 ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya a kan annoba, wadda ɗaya daga cikin manufofinta shi ne a keɓe wa ƙasashe marasa ƙarfi wani kaso na allura.

Mu ma muna da namu aikin a gida. Lokacin korona wajen kashi 99 cikin 100 na allurar rigakafin da Afirka take amfani da ita daga waje ake kawowa. Alhali dā akwai ɗakin sarrafa allura na gwamnati a Yaba, Legas, wanda ya yi ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har aka rufe shi a 1991. A Vom ta jihar Filato an daɗe ana sarrafa ta dabbobi. Tarayyar Afirka ta sa burin nahiyar ta riƙa yin kashi 60 na allurarta nan da 2040. Masu karatun kimiyya a cikinmu, ga fili nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin rabo ya kamata a rubuta shi tun ana zaune lafiya, a fassara shi cikin harsunan da mutane suke ji, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowane asibiti: allura nawa aka samu, nawa aka ba kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma, wa zai fara da dalilin haka, ina za a je, nawa aka kashe, wa kuma za a kai wa ƙara in an ga ba daidai ba. Mu kuma 'yan ƙasa, in mun tambaya aka ba mu amsa, wajibi ne mu bi layi, mu bar tsofaffi da marasa lafiya su wuce gaba, kada kuma mu tura wa wani labarin da ba mu tabbatar ba.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai likitocin gobe da ma'aikatan jinya da shugabannin ƙananan hukumomi, watakila har da ministan lafiya. Ranar da rabo ya faɗo hannunmu, abin kuwa bai kai ba, mu tuna da ɗakin cin abinci, mu miƙe mu yi wa mutane bayani. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, amin.